AMAI DA GUDAWA: ƘADDARA CE KO SAKACI?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi bayan sallar La'asar, dab da faɗuwar damina. An kawo shi a taƙaice saboda muhimmancinsa, musamman ga 'yan'uwan da ke aikin agaji a unguwanni.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S) da iyalan gidansa da sahabbansa, mai jawabin ya fara da neman afuwar mahalarta. Ya ce maganar da zai yi ba ta da daɗin ji, domin magana ce ta bayan gida da masai da kwata. Amma ya ce tunda malaman fiƙihu ba su ji kunyar buɗe littattafansu da babin tsarki da hukuncin najasa ba, shi ma ba zai ji kunya ba.

Ya ce: "'Yan'uwa, duk shekara idan ruwa ya sauka muna murna, muna yi wa Allah godiya. To amma a wasu unguwanni, bayan 'yan makonni sai ka ji an fara raɗe-raɗin cewa ciwon nan ya shigo. Ko sunansa ba a son kamawa. Mutumin da kuka tsaya sahu ɗaya da Asuba, kafin Isha'i a ce maka ya cika. Gida ɗaya a fitar da gawa biyu, wani gidan uku. Idan ka yi tambaya a ce maka kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ne ya ƙare, babu mai ja da wannan. Amma mu da muka rage, me muka sani game da wannan cuta, kuma me muka yi da abin da muka sani?"

Daga nan ya kawo alƙaluma don a san girman lamarin. Ya ce kwalarar da ke addabar duniya yanzu ta taso ne daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta shigo Nijeriya ta wajen Legas a ƙarshen wannan shekarar, kuma tun daga nan ba ta fita ba. A 1991 an ƙidaya mutum 59,478 da suka kamu a ƙasar nan, 7,654 suka rasu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya mutum 111,062 da ake zaton sun kamu, 3,604 suka rasu, kuma sama da rabin waɗanda suka kamun daga jihohi huɗu ne: Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara. A shekarar ma ba ta bar Maraɗi da Damagaram da Tawa ba.

YADDA TAKE KASHE MUTUM

Mai jawabin ya ce mafarin komai shi ne a san abin da ake yaƙa. Kwalara wata ƙwayar halitta ce ƙarama ainun, wadda sai an jera kimanin 500 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Ta baki take shiga, a cikin ruwa ko abincin da bayan gidan mai ɗauke da ita ya taɓa. Idan ta wuce tumbi ta isa ƙaramin hanji, sai ta manne ta yi ta hayayyafa tana fitar da dafi. Tsakanin shigarta da fara ciwo akan ɗauki awa 12 zuwa kwana biyar.

Ya ce aikin hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da mutum ya ci ya mayar cikin jini. Shi kuwa wannan dafi sai ya juya aikin, hanjin ya koma kwararo ruwa da gishirin jiki daga jini zuwa waje. Shi ya sa zawon yake fita fari tsararo kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sau da yawa ko murɗar ciki babu.

"Yanzu mu yi lissafi tare," in ji shi. "Magidanci mai nauyin kilo 60, kusan lita 36 na jikinsa ruwa ne. Idan ya rasa kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, wato lita shida, ya kai bakin halaka. Mai kwalara mai tsanani kuwa yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya. Lita shida, awa shida. Daga Azahar zuwa bayan Isha'i ke nan. Jini ya yi kauri, zuciya ta kasa tura shi, ƙoda ta tsaya, ido ya faɗa, murya ta dishe, jijiyoyin ƙafa su riƙa ɗaurewa. Saboda haka abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa duk maganin ya doru."

Ya ƙara da cewa wani abin tsoro shi ne, mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa kwanciya ciwo. Suna yawonsu lafiya lau, alhali suna fitar da ita a bayan gidansu har tsawon kwana ɗaya zuwa goma. Don haka ba a gane mai ɗauke da ita ta fuska.

RUWA MAI TSARKI DA RUWA MAI LAFIYA

A nan mai jawabin ya taɓo wata mas'ala da ya ce tana rikita ɗalibai. Ya ce duk wanda ya zauna a Islamiyya ya karanta a Ahalari da Ishmawi da Risala cewa ana duba abu uku a ruwan tsarki: launi da ɗanɗano da ƙamshi. Idan babu wanda ya jirkita, ruwan ya halatta a yi alwala da wanka da shi. Ya ce wannan hukunci daidai yake, kuma sauƙi ne Allah ya yi wa bayinsa, da an ce sai an kai ruwa ɗakin gwaji kafin a yi alwala da an shiga ƙunci.

"To amma ɗan'uwa, tambayar da malamin fiƙihu ya amsa ita ce, shin sallata ta inganta da wannan ruwa? Tambayar da ma'aikacin lafiya ke amsawa daban take: shin idan na sha zai cutar da ni? Ruwa yana iya zama garau kamar hawaye, ba wari, ba ɗanɗano, alhali akwai dubban ƙwayoyin nan a kowane cokali. Ɗigo ɗaya na zawon mai kwalara yana ɗauke da miliyoyinsu. Ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jinsu. Kuma shari'ar da ta halatta maka alwala da ruwan, ita ce ta hana ka cutar da kanka ko ka cutar da waninka da saninka. Ka ga babu karo tsakanin ilmin biyu, kowanne da fagensa."

LIKITAN DA YA KAMA TA DA ƘIDAYA

Domin nuna yadda aka gano hanyar cutar, sai ya ba da labarin birnin Landan a 1854. A lokacin manyan likitocin Ingila sun tafi a kan cewa warin bola da na kwata ne ke kawo kwalara ta iska. A ƙarshen watan Agusta na shekarar ta ɓarke a unguwar Soho, cikin kwana goma ta kashe sama da mutum 500, kafin ta lafa adadin ya kai 616.

Wani likita mai suna John Snow bai gamsu da zancen iska ba. Ya ce cutar da ke fara aiki a ciki, ta baki ta shiga. Ba shi da na'urar da zai nuna wa mutane ƙwayar, sai ya ɗauki takarda da alƙalami ya bi gida-gida yana tambaya: mutum nawa suka mutu a nan, kuma a ina kuke ɗiban ruwa? Da ya zana taswirar unguwar ya sa alama a kan kowane gidan da aka yi rasuwa, sai ga alamomin sun taru sun kewaye famfon rijiya guda a titin Broad.

Mai jawabin ya ce abin koyi shi ne likitan bai tsaya a nan ba, ya bi diddigin abubuwan da suke kamar sun saɓa wa ra'ayinsa. Akwai gidan gajiyayyu a tsakiyar unguwar mai mutum 535, amma biyar kacal suka mutu. Da ya bincika sai ya tarar suna da rijiyarsu ta kansu. Akwai kuma wata gwauruwa a Hampstead, nesa da unguwar, da ta mutu da cutar alhali babu annoba a wajensu. Ashe tana son ɗanɗanon ruwan famfon nan ne, ana kai mata shi a kwalba har gida. A ranar 8 ga Satumba hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Shi kansa likitan ya faɗa cewa annobar ta riga ta fara ja baya a lokacin, domin jama'a da yawa sun gudu. Daga baya aka gano cewa ruwan wankin tsummokaran wata jaririya mai zawo aka zuba a ramin masan wani gida, ramin kuwa tsakaninsa da rijiyar bai kai taku biyu ba.

Ya ce likitan ya yi wani lissafin da ya fi wannan ƙarfi. A kudancin birnin kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwa a tituna ɗaya. Ɗaya yana jawo ruwansa daga kogin Thames a inda ƙazantar gari ke kwarara, ɗayan kuma ya mayar da wurin jawo nasa can sama da gari. Da ya ƙirga, a cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan kamfani na farko an yi rasuwa 315, a na biyu kuwa 37. Iska ɗaya suke shaƙa, titi ɗaya suke bi, amma mutuwar wancan ɓangare ta ninka ta wannan fiye da sau takwas. Sai bayan shekara talatin, a 1884, wani likitan Jamus Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar a birnin Kalkata na Indiya. A lokacin John Snow ya daɗe da mutuwa, tun 1858.

"Wane kayan aiki ya yi amfani da shi? Tambaya, ƙidaya, da raba wannan adadi da wancan. Lissafin da kuka yi a aji biyu na sakandare ya isa."

MAGABATA BA SU ZAUNA BA

Mai jawabin ya ce ya san akwai mai cewa a zuciyarsa, wannan duk zancen Turawa ne, mu kuwa mun yi imani da ƙaddara. Ya ce sai mu duba yadda waɗanda suka fi mu imani suka yi. A zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar bin Khaɗɗab (R.A.) ya nufi Sham, da ya isa Sarga aka ba shi labarin annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, daga ƙarshe ya yanke a juya. Abu Ubaida (R.A.) ya nuna kamar wannan gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma a cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefen da ya bushe. Sannan Abdurrahman bin Aufu (R.A.) ya zo ya shaida cewa ya ji Manzo (S) ya hana shiga garin da ake annoba, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Bayan rasuwar Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal (R.A.) a cikin annobar, Amru bin Asi (R.A.) ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, a bar cunkoso.

Ya kuma ambaci wazirin Garnaɗa a Andalus, Lisanuddin Ibnul Khaɗib, wanda ya ga babbar annobar nan ta 1348 zuwa 1349 da idonsa, ya yi rubutu a kanta. Ya kafa hujja da abin da aka gani aka jarraba: masu cuɗanya da mara lafiya su ke kamuwa, cuta tana bin tufafi da ƙwarya, tana shiga gari ta jirgin ruwa, makiyayan da suka keɓe a daji kuwa suna tsira. Ya ce waɗannan annobai ba kwalara ba ne, amma hanyar tunanin ɗaya ce, kuma musulmi ya riga John Snow bin ta da shekara ɗari biyar.

"Saboda haka wanda ya tafasa ruwa bai fita daga tawakkali ba. Wanda aka gaya masa rijiyarsa ta gurɓace ya ci gaba da shayar da 'ya'yansa, sannan ya ce ƙaddara, to ya ji tsoron Allah, kada ya jingina sakacinsa ga Ubangijinsa."

GISHIRI DA SUKARI

Da ya juyo kan magani, sai ya tunatar da abin da ya ce a riƙe: ƙarewar ruwa ce ke kisa. Don haka magani shi ne mayar da ruwan da saurin da yake fita. A da, hanya ɗaya aka sani, ƙarin ruwa ta jijiya, wanda ke bukatar asibiti da ma'aikaci da kuɗi. Ruwa zalla kuma idan aka ba shi ta baki bai cika zama ba. Sai masana suka gano cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da dafin kwalara ba ya taɓawa, amma ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare. Idan suka wuce tare, ruwa sai ya bi bayansu zuwa cikin jini.

Ya ce a 1971, lokacin yaƙin ɓallewar Bangaladash daga Pakistan, miliyoyin mutane suka gudu Indiya, kwalara ta faɗa musu a sansanonin hijira. A Bangaon, ruwan ƙari ya ƙare wa wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, mutane na mutuwa kusan 30 cikin 100. Sai ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari da sinadarin soda a manyan duro, ya ba 'yan'uwan marasa lafiya kofuna ya ce su yi ta ba su. A cikin mutum sama da 3,000 da aka yi wa haka, mutuwar ta sauko ƙasa da 4 cikin 100. Daga 1980 zuwa 1990 kuma ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida a Bangaladash suka koya wa iyaye mata a gidaje kimanin miliyan 12 yadda ake haɗa shi da gishiri da mazarƙwaila. A 1980 zawo yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan miliyan 4.6 a shekara a duniya, yau bai kai rabin miliyan ba, kuma wannan haɗi yana cikin manyan dalilai.

Daga nan ya ce kowa ya fito da biro ya rubuta. Mafi kyau shi ne fakitin ORS da ake samu a kemis da asibiti, a zuba shi duka a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, a sami lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, wato daidai leda biyu na ruwan leda mai rabin lita, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi a shafe, a dama har su narke. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Ya ja kunne ƙwarai a kan awo, ya ce gishiri idan ya yi yawa yana iya halaka yaro, sukari idan ya yi yawa yana ƙara zawon, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa.

Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. Daga shekara biyu zuwa goma, rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iyakar iyawarsa. Idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Uwa kada ta daina ba da nono. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Yara kuma a nema musu ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Ya ce a fara bayarwa tun zawon farko, a ci gaba da bayarwa a kan hanyar asibiti. Idan ido ya faɗa, ko aka ja fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko fitsari ya ɗauke, ko mutum ya galabaita har ba ya iya sha, to wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya, kuma ba a jiran gari ya waye.

MUTUM 2,500 DA BA SU KAI ASIBITI DA WURI BA

Mai jawabin ya koma kan alƙaluman da ya kawo tun farko, ya ce a raba su. Kwalara mai tsanani idan ba a yi komai ba tana kashe 25 zuwa 50 cikin 100. Idan aka yi magani da wuri, wanda ke mutuwa bai kai 1 cikin 100 ba. A 1991, idan ka raba 7,654 da 59,478 za ka sami kusan 13 cikin 100. A 2021, ka raba 3,604 da 111,062, za ka sami 3 da 'yan kai. An sami ci gaba. To amma da an tsaya a kan 1 cikin 100, da waɗanda suka rasu a 2021 ba su wuce 1,100 da 'yan kai ba.

"Ragowar fa? Kusan mutum 2,500. Waɗannan su ne wanda aka ɓoye a ɗaki don kada a ce gidan wane akwai ciwon, da wanda aka hana ruwa wai don zawon ya tsaya, da wanda aka ce a bari zuwa safe, da wanda asibiti ya yi masa nisa ko ya je bai tarar da komai ba. Kuma rukunin da ya fi kamuwa a shekarar yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14. Ƙannenmu ne."

Ya ce babban nauyi yana kan mahukunta, kuma ba za a daina faɗa musu ba. Landan ta rabu da kwalara tun bayan annobar 1866, saboda an gina mata manyan magudanan ƙazanta an kuma tsabtace ruwan sha. Al'ummar da har yau take sayen ruwa a jarka daga kura, ba ta san inda aka ɗebo shi ba, haƙƙinta ne ta tambayi inda kuɗin ruwan famfo suka shiga. Kuma an ga abin da ya biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, da ambaliya ta haɗa masai da rijiya a Maiduguri, ba a daɗe ba kwalara ta bayyana. Amma ya ce kafin famfon ya zo, yaron da ke zawo yau da dare ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba.

ABIN DA KE KAN MATASA

Ya ce aikin farko shi ne na littafi da biro. Kowace unguwa a sami 'yan'uwa biyu ko uku da za su riƙa rubuta gidan da aka kamu, da ranar, da inda gidan ke samun ruwa. Idan gida biyar suka haɗu a rijiya ɗaya ko a wurin mai garuwa ɗaya, an sami bakin zaren. A kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a kuma gaya wa mai unguwa da liman, cikin ladabi ba tare da tozarta kowa ba.

Na biyu, ruwan sha. Ƙa'ida ita ce masai ya nisanci rijiya da mita 30, kimanin taku 40, alhali a yawancin gidajenmu na cikin gari katanga ɗaya ce tsakaninsu. Don haka a damina a tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa masa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. A rufe randa, a sa mata moɗa mai mariƙi wadda ba a sha da ita, domin hannun yaro ɗaya yana iya ɓata randar gida duka. Randar ƙofar masallaci ma a sa mata mai kula.

Na uku, hannu. Tsarki da ruwa ya wadatar ga salla, amma bayansa a wanke hannu da sabulu, in babu da toka. A daina haɗa hannu goma a kwanon wanke hannu ɗaya, a riƙa zuba wa juna da buta. Kashin jariri a zuba shi a masai, a tuna da jaririyar titin Broad. A lokacin annoba a yi hattara da ƙanƙara da zoɓo da kunun zaƙi da fura da kwaɗo da salak ɗin da ba a san ruwan da aka haɗa su da shi ba, a ci abinci da zafinsa.

Na huɗu, jana'iza. Ya ce matasa ne ke gaba wajen yi wa mamaci sutura, kuma lada ne babba, amma gawar mai kwalara da tufafinsa da shimfiɗarsa cike suke da ƙwayar. Masu wanka su zama kaɗan, su sa safar hannu, a nemi ma'aikatan lafiya su kawo ruwan kulorin, a zuba ruwan wankan a rami nesa da rijiya. Wanda ya yi wankan kada ya taɓa abinci ko ruwan jama'a sai ya wanke jikinsa da sabulu. A wurin zaman makoki kuma a rage rabon abinci da ruwa a kwano ɗaya.

TAMBAYOYI

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan ƙwayoyin da ake saya a kemis don tsayar da zawo. Mai jawabin ya ce magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna rage tsawon ciwon ga wanda abin ya yi wa tsanani, amma likita ne ke bayarwa, kuma ba sa mayar da ruwan da ya fita. Masu ɗaure ciki kuwa ba a ba mai kwalara, balle yaro. Duk kuɗin da ke hannu a fara sayen ORS da shi.

Wani ya tambaya ko akwai rigakafi. Ya ce akwai, kuma sha ake yi. Sha biyu yana ba da kariya ta kimanin shekara uku, sha ɗaya na ɗan gajeren lokaci. An yi amfani da shi a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno a 2017. A 2022 ƙarancinsa a duniya ya sa aka koma bayar da sha ɗaya a wuraren annoba. Idan ya zo unguwa a karɓa, amma kada a bar tafasa ruwa saboda shi.

Wani kuma ya ce ana faɗin cewa baƙi ne ke kawo irin waɗannan cututtuka. Ya amsa cewa an taɓa yin haka. A 2010 kwalara ta shiga ƙasar Haiti, inda ba a san ta ba, ta hanyar ƙazantar sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, wadda ta malala cikin kogi. Kusan mutum 10,000 suka mutu, kuma sai a 2016 babban sakataren Majalisar, Ban Ki-moon, ya nemi afuwa. Ya ce amma a lura, da bincike da ƙidaya da gwajin ƙwayar aka kama su, har suka rasa bakin musu. Jita-jita ba ta taɓa tabbatar da laifin kowa ba. Tamu kuwa ta fi shekara hamsin tana tare da mu, ba ta bukatar wani ya kawo ta, masai da rijiyar da ke maƙwabtaka sun ishe ta.

Daga ƙarshe ya nemi kowane mahalarci, kafin Juma'a mai zuwa, ya ajiye fakitin ORS aƙalla biyu a gidansu, ya kuma koya wa mahaifiyarsa ko matarsa ko ƙanwarsa awon lita ɗaya, cokali shida, rabin cokali, har sai ta maimaita masa da bakinta, domin su ne ke tare da yara a lokacin da abin ke farawa. Ya roƙi Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyashe mu da annoba ta fili da ta ɓoye. Aka rufe zaman da addu'a dab da kiran sallar Magariba.